A Bakin Maƙwabciya Muke Jin Yayi

Mu a Ƙanƙara, mu da 'yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa, ba ma sayen abu don mun gan shi a talla. Ko an manna hotonsa a bakin tasha, ko rediyo ta wuni tana yi masa kirari, sai mun yi tambayar nan tamu: wa ya gwada? In aka ce ai matar liman ce ta shafa, ko malamar Islamiyyar layinmu ce ta karanta, to magana ta ƙare, don an san ba sa yabon abin da bai kai ba. In kuwa aka ambaci wadda duk sati da sabon man da take tallatawa, sai a ce "Allah sarki," a kama wata hirar. Waƙa, littafi, atamfa, turare, duk ta bakin maƙwabciya suke shigo mana gida, kuma ni dai ina son abin a haka.

Ƙananan hukumomin nan uku ɗan majalisar wakilai ɗaya muke turawa Abuja, amma auratayya ta riga ƙuri'a haɗa mu. A ɗauko amarya daga Sabuwa a kawo ta Ƙanƙara, ta zo da akwatunanta da kwalaben humrarta da waya cike da waƙoƙi. Kafin lallen ƙafarta ya goge, matan layi sun gama sanin ɗinkin da ake yayi a can, an ari rigarta an kai wa tela, waƙoƙinta sun shiga wayar kowa. Tamu in aka kai ta 'Yankara ko Sheme, ita ma da namu za ta tafi. Abin da ya fito daga Kano ko Kaduna yakan fara sauka Funtuwa ko Malumfashi, daga nan ya biyo motar kasuwa da 'yan biki ya iso mana.

Waƙa ma ba daga intanet yawancinmu ke ɗaukowa ba, ina datar? Akwai yaro a bakin kasuwa, rumfarsa duk igiyoyin caji, janareto na kuka a bayansa, tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi a gabansa. Ki aiki ƙaninki da memori da 'yan canji, abin da zai fara tambaya shi ne, "Na Anti ne ko na Hajiya?" In na Anti ne, ya san abin da zai zuba. In na Hajiya ne, karatun Alƙur'ani zai sa a gaba, wa'azi ya biyo baya, sannan a can ƙasa ya ajiye mata Barmani Choge, don ya san za a neme ta. Yaron nan ya san kunnen garin nan gida-gida. Daga memori ɗaya kuwa sai Xender ta ɗauka, waya kusa da waya a gidan suna, kafin a ci tuwo an raba wa kowa.

Muna da ma'auni guda da ba a rubuta shi ko'ina ba: waƙar da za ki iya bari tana yi in surukarki ta yi sallama. Nura M. Inuwa ya ci wannan jarabawa tuntuni. Shi nake cewa a sa da safe, lokacin shara da wanke-wanke, don kalmominsa a natse suke, ba ya gaggawa, kuma yakan faɗi abin da ke ci wa mutum rai ba tare da ya zubar da kunya ba. Wadda take son ta ji Hausa ana sarrafa ta, ta nemi Aminu Ala. Umar M. Shareef na 'yan mata ne da samarin da ke tsaye a soro bayan isha'i, kuma ban ga laifinsu ba, muryar tana da daɗi. Ali Jita kuma a ajiye shi sai ranar da za a fito da amarya.

Hamisu Breaker ya shigo mana ne da Jaruma a 2020, lokacin kullen korona, ana zaune a gida ba makaranta ba kasuwa. Ba gidan da ba ta shiga ba. Ana jin labarin matan birni na yi wa mazajensu rawa suna sa hoton a Facebook. Mu nan ba mu kai can ba, amma mun ji ta har yara sun haddace. Ado Gwanja shi ne ake gardama a kansa. Da Warr da Chass suka fito a 2022, malamai sun yi magana a kan mumbari, iyaye maza sun ɗaure fuska, mata kuwa suka ci gaba da neman sa ranar wuni. Ra'ayina a nan bai canza ba. A tsakar gida, mata zalla, ƙofa a rufe, a yi rawa a huce gajiyar girkin biki, wannan tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Amma a saka shi a lasifika a bakin titi, 'yar shekara shida tana kwaikwayon rawar, wannan ban yarda da shi ba, kuma nakan faɗa ko a gidan wa nake.

Goggona takan ce, "Ke 'yar nan, abin da kuke rawar kai a kansa, mu da ƙwarya muka yi shi." Gaskiyarta. Barmani Choge ta nan Funtuwa ce, ta rasu a 2013, kuma amadar da ta yi suna da ita kayan kiɗanta na cikin kowane madafi: a cika masaki da ruwa, a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, a bi ta da 'yan sanduna, wasu ƙoren a kife a ƙasa. Ta yi wa mata waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman gidan miji, ta kuma matsa musu su kama sana'a. Har gobe in aka sa ta a gidan biki, tsofaffin da suka ce ƙafa na ciwo su ne farkon miƙewa. Iyayenmu maza kuwa Shata ne, ɗan Musawa da ya zauna Funtuwa, ya rasu a 1999. Rarara ma ɗan ƙasar nan ne, na Kahutu ta Danja, sai dai shi in lokacin zaɓe ne, kada ki kunna shi a gidan mutane sai kin san inda maigidan ya dosa.

Mun san darajar wannan hannu-da-hannu ne sosai a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, mu ukun nan duk muna ciki. Aka rufe kasuwannin dabbobi, har sana'ar cajin waya aka dakatar. Muka yi watanni ba kira ba saƙo. Wanda yake son ya gaisa da ɗansa a Kano sai ya hau mota ya je inda akwai sabis. A kwanakin nan, wadda take da memori mai kaya ita ce mai arziki a layi. Aka buɗe tsofaffin akwatuna aka zaro littattafan da aka manta da su, wasu bango ya cire, wasu an ɗinke su da zare. Da magariba an kulle ƙofa, kunne na waje ana sauraron ko za a ji ƙarar babura, wata na karantawa a hankali da tocila, sauran na ji.

Akwai masu cewa, mutanen da ke cikin wannan hali me ya haɗa su da zancen waƙa da lalle? Tun daren nan na Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, in sunan garinmu ya fito a labarai ba don alheri ba ne. Faskari da Sabuwa ma haka. Mun binne mutane, mun karɓi 'yan'uwa da suka baro ƙauyuka da tabarma da tukunya. Bikinmu ya koma na rana, a kai amarya da la'asar, kowa ya koma gida kafin duhu. Amma yarinyar da aka raba da gonar ubanta, ranar aurenta tana da haƙƙin a yi mata lalle mai kyau, a turara ta, a sa mata waƙar da take so. Na ga matan layinmu sun haɗa wa irin wannan yarinya kayan kwalliya, wannan ta kawo hoda, waccan ta zuba humra a 'yar kwalba, mai lalle ta ce ba za ta karɓi ko sisi ba. Ba wanda ya kira abin almubazzaranci a ranar.

Littafi kuwa, mu 'yan yankin Funtuwa muna da tamu. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda kowa ke kira Anti Bilki, ita ta raini yayyenmu da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda da Ni. Mutane na ce musu littattafan soyayya, haka ne, amma a cikinsu mata da yawa suka fara ganin yarinya ta yi karatu mai zurfi ta yi aure ta riƙe gidanta. A cikinsu aka koyi gyaran ɗaki da jera abinci da irin shigar da za a yi in miji ya kusa dawowa. Yayata takan ajiye littafin ta ce a kira mata tela, don rigar da aka kwatanta ta shiga ranta. Wadda ta fara girma nakan ba ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, don ta san aure ba duka zuma ba ne. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ba sai an yi masa talla ba. Yara dai Magana Jari Ce, ba a sake ba.

Mutanen Faskari suna da abin tinƙaho a nan, kuma ba sa bari a manta. Ibrahim Sheme, wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, nasu ne, shi ne kuma ya jagoranci rubuta tarihin Shata. Mujallar nan ta daɗe tana yi mana aiki biyu. A karanta labarin 'yan fim, sannan a kai ta shagon tela a buɗe shafi a ce, "Malam, irin wannan wuyan, amma ka ƙara tsawon hannu." Kwafi ɗaya sai ya zaga gida bakwai, ya dawo da tabon manja da shafin tsakiya a yage.

Yanzu littafin ya koma WhatsApp. Marubuciya na sakin shafi-shafi, wasu kyauta, wasu sai an biya a saka ki a rukuni, wasu kuma a saurare su ana karantawa a YouTube. Akwai masu kyau ƙwarai a ciki, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu alƙalami da ba mu san da su ba. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, da suna mai daɗi a sama. A da, littafi kafin ya kai hannun budurwa ya bi ta hannun yayarta ko matar wanta, an san abin da ke ciki. Yanzu yana shigowa ƙarƙashin mayafi da tsakar dare. Shi ya sa in ƙanwata ta ce, "Yaya, turo min wani," sai na fara karanta shi har ƙarshe kafin in tura. Wanda na tura, da sunana ya tafi.

Ɗinki ba na daɗewa a kansa, don kowa ya san yadda muke. Labarina ko Kwana Casa'in a Arewa24, ko Izzar So a waya, a ga riga a jikin jaruma, a tsayar da hoton, gobe yana hannun tela. Atamfa da leshi daga Kantin Kwari ake saro su, mai zuwa Kano ita ce idonmu, takan ɗauko hoto ta turo a zaɓa. Abin da kawai nake roƙon masu fitar da anko shi ne su tuna da wadda mijinta bai samu shiga gona bana ba. A fitar da mai sauƙi, kowa ya shiga hoto. Maza ma kada su ce ba ruwansu, don a majalisar mai shayi ake yanke hukuncin wace shadda ce ba ta kwanciya bayan wanki, wane mai hula ne ya iya zanna bukar, wane turare ne yake kwana a riga.

Inda shawara ta fi nauyi shi ne abin da za a shafa a jiki. Waƙa in ba ta yi miki ba kya goge, riga kya bayar, fata kuwa ita ke nan gare ki.

Yawancin na gargajiyarmu ba ni da shakka a kansu. Man kaɗanya da sanyin hunturu, in ƙafa ta fara faso, a narka shi a tafin hannu a bi dunduniya da shi kafin a kwanta. Sabulun salo ga mai ƙurajen fuska, amma kada a bar shi ya daɗe, yana da kaifi. Jan lalle na ganye, a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan lemon tsami, a ƙunsa a bar shi ya kama a hankali. Dilka da halawa daga wajen 'yan Barno da Shuwa muka koya, su ma hanyar Sudan ta kawo musu, yanzu kuwa kusan kowace unguwa da mai yi. Ki shiga ɗakin mai gyaran amarya ki gani: kasko a ƙasa da garwashi, ta barbaɗa turaren wuta mai kajiji da sandal, amarya na zaune a kan kujera 'yar tsugunno an lulluɓe ta da bargo har wuya, gumi na tsatsafowa a goshinta, jikin duk ya yi rawaya da kurkur. Tana cewa zafi, ana ce mata, "Daure, ƙanwata, saura kaɗan." Humra kuma kowace mai haɗawa da sirrinta, kuma ba a gane mai kyau a bakin kwalba. Ki ɗiga a gefen mayafi, ki shinshina gobe da safe.

Biyu daga cikin abin da muka saba da su ne nake ja wa mutane kunne. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis na rina gashi yana ƙona wasu, zanen fulawar ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo. A fara ɗiga kaɗan a hannu a kwana a gani, tun biki da saura. Sai kwallin dutse a idon jariri. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan kwalli yakan ƙunshi dalma, mu kuwa maƙwabtan Zamfara ne, mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a can a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ta zo musu. Kakanni ba sa son jin wannan magana. Ni dai nakan ce, "Inna, a bar masa idonsa haka, in ya girma ya sa da kansa."

Sai babban, wato bilicin. Shi ma ta bakin maƙwabciya yake shigowa, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan, don amanar da muke taƙama da ita ce ake hawa. Ba wadda za ta ce miki ga man bilicin. Cewa za a yi "haɗi ne," "na gyaran fata ne," "ba ya sa fari, haske kawai yake fitarwa." A kawo shi a roba ba suna ba lamba, an matse tib uku a ciki an juya da cokali. Sati biyu fuska ta yi fayau, kowa na tambaya, ita kuma da zuciya ɗaya take nuna wa ƙawarta inda ta saya. Lokacin da gaɓoɓin yatsu za su yi baƙi, jijiyoyi su fito kore a hannu, nankarwa ta tsattsaga cinya, kunci ya ƙone in an shiga rana, ta riga ta jawo mutum biyar. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, ta kuma ambaci abin da ake zubawa a ciki, har da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, da magungunan da aka yi don ciwon fata ba don kwalliya ba. Ungozoma da ma'aikatan asibiti za su gaya miki yadda irin wannan fata take wahalar ɗinkuwa, ciwo ya ƙi warkewa. Har jarirai wasu ke shafa wa, wai kada yaro ya dushe.

Laifin ba na mata kaɗai ba ne. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da uwar miji da ke leƙa fuskar amarya ta ce "ashe baƙa ce," da waƙoƙin da ba su san wata kyakkyawa ba sai fara, duk suna da hannu.

Wata 'yar maƙwabtanmu ta shigo min da irin robar nan, saura 'yan makonni bikinta, ta ce, "Anti, duba min, an ce yana da kyau." Na buɗe, warin kaɗai ya isa. Na tambaye ta wa ya ba ta, ta faɗa. Na ce ta je ta dubi bayan hannun mai ba ta ɗin da rana tsaka, ba a ɗaki ba, ta dubi kuma bayan kunnenta, sannan ta dawo mu yi magana. Ta je ta dawo ba ta ce komai ba, ta ajiye robar a bakin rariya. Muka kai ta wajen mai dilka. Ita kuwa mai ba ta ɗin ba muguwa ba ce, ita ma wata ce ta ba ta, kuma yanzu so take ta daina amma tana tsoron yadda fuskar za ta koma. Mun ce ta je asibiti a duba ta, kada ta sake sayen wani haɗin don gyara na farko, kuma ranar da za ta je, biyu daga cikinmu za su raka ta.